Tuban Muzuru a Kan Dandamali: Rikicin Uba da Ɗa Kan Kishin Ƙasa a Wasannin Kwaikwayon Gaya da Ajingi

Gabatarwa

A makon bikin ranar samun 'yancin kai na bara, na raka mahaifina da ƙanena kallon wasan kwaikwayo a wata makarantar sakandare da ke ƙasar Gaya. Ɗalibai ne suka shirya shi a filin makaranta. Tebura aka jera a matsayin dandamali, aka rataya zannuwa suka zama labule. Labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya saba halartar irin wannan taro. Wani tsohon soja ne yake da ɗa wanda ya gama karatu bai sami aiki ba. Wata rana aka sa taken ƙasa a rediyo, uban ya miƙe tsaye, ɗan ya ƙi tashi. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce shi bai ga abin da ƙasar ta tsinana masa ba. Uban ya kore shi daga gida, ya tafi Kudu, ya faɗa hannun ɓata-gari, har sai da wani Bayarabe da wani ɗan ƙabilar Ibo suka cece shi. A fitowa ta ƙarshe ya dawo ya durƙusa gaban mahaifinsa yana kuka yana neman gafara. Daga nan kowa ya kama hannun kowa, aka ɗaga tuta, aka ja labule.

Abin da ya ɗauki hankalina shi ne 'yan kallo. Lokacin da yaron yake zayyana ƙorafinsa, filin ya kaure da tafi da sowa, musamman daga ɓangaren samari. Da aka zo wurin tuba kuwa, sai guna-guni ya tashi, wasu ma suka fara kama hanya tun ba a ɗaga tutar ba. A hanyarmu ta komawa gida ƙanena, wanda ya shekara shida yana zuwa ci-rani Kudu, ya ce da ni: "Yaya, wanda ya tsara wasan nan bai taɓa ƙetare gadar Lakwaja ba." Ban yi mamakin wannan ba. Mamakina ya zo ne bayan sallar isha'i, da mahaifinmu, tsohon malamin firamare wanda ba ya yarda a zagi Nijeriya a gabansa, ya ce: "Ai ba su bar yaron ya gama maganarsa ba."

Wato dai wasan bai gamsar da ɗan ba, bai kuma gamsar da uban da aka shirya shi domin a faranta masa ba. Ra'ayin da wannan maƙala take son ta kare shi ne: wasannin dandamali da makarantu da ƙungiyoyin samari suke gabatarwa a Gaya da Ajingi sun gano rikici na gaskiya, wato saɓanin iyaye da 'ya'yansu a kan matsayin Nijeriya a zuciyarsu, amma suna kashe shi da tuban muzuru. Muddin ba a daina tilasta wa tauraro ya tuba kafin a ja labule ba, dandamali zai ci gaba da rasa matasa, su kuma matasan za su kai maganar da aka hana su ƙarasawa wani wurin da babu labule.

Kalma Ɗaya, Ma'anoni Da Dama

Kafin a yanke wa ɗa hukuncin rashin kishin ƙasa, ya kamata a tambaya: wace ƙasar? Bahaushe yana kiran turɓayar gonarsa ƙasa. Yana cewa ƙasar Gaya, ƙasar Kano, ƙasar Hausa, sannan ya ce ƙasarmu Nijeriya. Haka nan "ɗan ƙasa" yana nufin wanda yake da 'yancin zama ɗan Nijeriya, yana kuma nufin ɗan asalin gari wanda ba baƙo ba. Sau da yawa uba da ɗa sukan yi musu a kan kalma ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi.

Mutumin Gaya ya fi kowa sanin wannan. Tarihin baka na Kano ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya neman tama ya sauka a gindin Dala, kuma daga nan ne aka sami Abagayawa. Saboda haka dattijon Gaya yana ɗauke da wata shaida a zuciyarsa wadda ta girmi Nijeriya da ɗaruruwan shekaru. A zamanin kakanninmu, ƙasa ita ce wadda ake biya wa haraji da jangali ta hannun dagaci da hakimi, a bayanta kuma akwai Jihar Arewa ta Sardauna. Mahaifina yana yaro aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka kuma yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, inda ya ga samarin garinsu sun shiga soja wasu ba su dawo ba. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 shi ya mayar da shi malami mai albashi. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. A wurinsa, Nijeriya abu ce da aka zubar da jini domin ta, ita kuma ta saka masa da alli da allo da fansho.

Daga nan iyakoki suka ci gaba da motsi. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano, dangin mutanen Gaya da Ajingi da ke wajen Dutse suka wayi gari 'yan wata jiha, takardar shaidar asalinsu ta bambanta da ta 'yan'uwansu na jini. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai sarki mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 aka rushe ta, a watan Yulin shekarar aka maido ta a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. A wannan watan na Mayu ne kuma aka sauya taken ƙasa, aka ajiye na 1978 aka dawo da na lokacin samun 'yancin kai. Mahaifina ya haddace tsohon taken yana ɗalibi, ya shekara da shekaru yana koyar da na biyun, yanzu ga na farkon ya dawo. Ƙanena kuwa bai san ko baiti ɗaya daga cikinsa ba. Wasan da muka kalla ya gina rikicinsa a kan tsayawa domin taken ƙasa, amma bai lura da cewa uban da ɗan ba take ɗaya suka taso da shi ba. Marubucin da ya lura da wannan ya sami fitowa guda cikakkiya ba tare da ya ƙirƙiri komai ba.

Gadon da Muka Taras

Tuban dole ba ɗaliban Gaya ne suka ƙirƙiro shi ba, gado suka ci. Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa a makaranta aka haife shi, tun daga wasanni shida da R. M. East ya wallafa a shekarun 1930, kuma aikin da aka ɗora masa tun farko shi ne koyarwa. Daga nan aka sami ƙira iri biyu. Ta farko ita ce ta wayar da kai, irin ta Wasan Marafa na Abubakar Tunau (1949), inda sabon ilimi na tsafta da kiwon lafiya yake fitowa daga makaranta ya shiga gida, tsohuwar ɗabi'a kuma ta ba da wuri. Ta biyu ita ce ta gargaɗi, wadda Shu'aibu Maƙarfi ya yi fice a kanta da Zamanin Nan Namu (1959) da Jatau Na Kyallu (1960), inda zamani yake shigowa gida da ɓarna, wanda ya bi shi kuma ya ƙare da nadama. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina (1979) ma a wannan layi yake. Waɗannan ayyuka ne masu daraja, harshensu da barkwancinsu har gobe abin koyi ne. Sai dai a ƙirar duka biyu an riga an yanke hukunci kafin a buɗe labule: ko dai tsohon jahili ne a wayar masa da kai, ko kuma yaron ɓatacce ne a dawo da shi hanya. Abin da wasan ranar 'yanci ya yi kawai shi ne ya cire "zamani" ya sa "rashin kishin ƙasa" a gurbinsa.

Amma ba wannan kaɗai muka gada ba. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya riƙa tsara wasanni yana sukar zaluncin ma'aikatan En'e da ha'incin 'yan kasuwa, alhali shi kansa ɗan gidan malamai da alƙalai ne. Matashi ne yake tuhumar tsarin da ya raine shi, kuma ba a ji ya durƙusa ya janye ba. Wannan tuhumar ce ta girma ta zama siyasar NEPU daga 1950, yau kuma babu wanda yake kiran Malam marar kishin ƙasa. A gidan rediyo da talabijin na Kaduna, Usman Baba Pategi, Banufe kuma tsohon soja, ya yi shekaru yana nuna Nijeriya a cikin bariki ta bakin Samanja Mazan Fama, da gurɓatacciyar Hausarsa gauraye da Turanci. Mutane sun ga cakuɗuwar ƙabilu da saɓaninsu, sun yi dariya, ba tare da an jera su an sa su kama hannun juna ba.

Can baya kuma akwai wasanninmu na gargajiya. A tashe, daga goma ga watan azumi, yara sukan sa gemun auduga su kwaikwayi tsoho, su kwaikwayi malamin da ake zargi da yin rawa, su kwaikwayi zaman miji da mata a Mairama da Daudu, a ƙofar gidan manya, manyan kuma su ba su sadaka. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari sukan naɗa nasu sarki da alƙali da gwamna su kwaikwayi mulki. Al'ummar da ta ginu a kan kunya ita ce ta keɓe wa ƙaramin wani lokaci da zai faɗi abin da ba ya faɗuwa a zaure. Wasan da ya hana yaro ƙarasa maganarsa ya fi tashe tsoron manya, alhali tashe ya girme shi nesa ba kusa ba.

Yadda Rikicin Ya Juya

Karin maganar da uba yake kafa hujja da ita ita ce, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A harkokin rayuwa da dama haka abin yake. A kan maganar Nijeriya kuwa, a gidaje da yawa na Gaya da Ajingi yaron ne ya fi uban ganin ƙasar. Da an gama girbi motoci suke kwasar samari daga ƙauyukanmu zuwa Legas da Fatakwal da Abuja da Onica, wasu acaɓa, wasu dako, wasu gadi, wasu sayar da kayan gwari. Uban ya san Nijeriya ta rediyo da littafin makaranta da takardar albashi. Ɗan ya san ta a shingen bincike na kan hanya, a ƙarƙashin gada, a bakin mai gidan haya da ya ce ba ya ba ɗan Arewa ɗaki. Ya kuma san ta a hannun matar da ba ta jin Hausa amma ta ba shi abinci bashi ranar da ba shi da ko sisi. Idan uban ya ce babba ya hango, ɗan yana da tasa karin maganar: gani ya kori ji.

Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun ƙara zurfafa wannan rami. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Jihar Kano a garin Uromi na Jihar Edo suna kan hanyar dawowa gida hutun salla. Duk gidan da yake da ɗa a Kudu ya kwana da wannan labari. Kafin nan, a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, an ga matasa a titunan Kano suna ɗaga tutar Rasha, har aka kama teloli da ake zargi da ɗinka ta. A watan Nuwamba na shekarar aka gurfanar da wasu ƙananan yara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kafin Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ba na jin yawancin yaran da suka ɗaga waccan tuta za su iya nuna Rasha a taswira. Abin da suka yi kwaikwayo ne, da tufafinsa da alamarsa da 'yan kallonsa, saƙonsa kuma shi ne wanda tauraron wasanmu ya fara faɗa aka katse shi. Bambancin shi ne a kan titi ana harbi, ana ƙone-ƙone, ana kwana a kurkuku.

Saboda haka idan wasa ya nuna cewa ƙorafin ɗa ruɗin ƙuruciya ne wanda wahalar kwana biyu za ta warkar, to ya yi wa 'yan kallo ƙarya a kan abin da suka fi marubucin sani. Ya kuma zalunci uban, domin ya mayar da shi gunki mai riƙe da tuta, bai ba shi damar ya faɗi abin da ya gani a 1967 ba, ko ya bayyana dalilin da ya sa yake tsoron kalmar rabuwa, ko ya amsa cewa shi ma fanshonsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Uban gaskiya yana da hujja, yana kuma da nasa miki. Wannan ne ya sa mahaifina ya ji an tauye shi duk da cewa ɓangarensa aka ba nasara. Nasarar da aka samu don an toshe bakin abokin musu ba ta da daɗi ko ga wanda aka ba.

Abin da Masu Saɓani Za Su Ce

Na tattauna wannan ra'ayi da malamai da dama, kuma hujjojin da suke kawowa ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce tarbiyya. Suna cewa idan aka bar ɗa ya mayar wa mahaifinsa magana a gaban jama'a bai tuba ba, an koya wa yara rashin kunya, addini kuma ya wajabta biyayya ga iyaye. Amsata ita ce saɓani daban, rashin ladabi daban. Alƙur'ani mai girma, a Suratu Maryam, ya kawo yadda Annabi Ibrahim (AS) ya saɓa wa mahaifinsa a kan magana mafi girma, da lafazi mafi taushi. Ba ina kwatanta iyayenmu da wancan uba ba ne, salon maganar nake nuni da shi. Ɗa yana iya durƙusawa, kansa a sunkuye, ya ce "Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma abin da na gani ke nan," ya kuma tashi bai janye ba. Wasan da ya koya wa yaro wannan ya yi aikin tarbiyya fiye da wanda ya nuna masa cewa hanya biyu ce kawai, ko zagi ko kuka.

Hujja ta biyu ita ce, aikin makaranta ne ta gina haɗin kan ƙasa, ƙasar da take fama da rarrabuwa kuma ba ta bukatar a ƙara hura wuta a kan dandamali. Na yarda da manufar, hanyar ce nake ja da ita. An cire darasin Tarihi daga manhajar ƙananan makarantu na shekaru da dama kafin a dawo da shi, don haka akwai samari da yawa da ba su san abin da ya jawo yaƙin basasa ba, ba su san dalilin kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 ba. Jera yara uku da hula da gele da jar dara ba zai cike wannan giɓi ba. Abin da zai cike shi shi ne su ji tsoho yana ba da labarin abin da ya gani, a matsayin amsa ga tambayar da su ma suke da ita. Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaron da yake tuhumar ƙasarsa har yanzu yana ganin tana da bashin da za ta biya shi. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ya daina tambaya.

Hujja ta uku ita ce dandamali ya mutu, fim da wayar hannu sun gaje shi, don haka wannan duk ɓata lokaci ne. Gaskiya ne cewa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano, irin su Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990, su ne suka rikiɗe suka zama masana'antar fim. Amma fim a waya kowa shi kaɗai yake kallonsa, uba da nasa, ɗa da nasa. Filin makaranta ko ƙofar fada shi ne wurin da ya rage inda dagaci da liman da ɗan acaɓa da uwarsa za su zauna su kalli abu ɗaya a lokaci ɗaya, kowa yana jin inda ɗan'uwansa ya yi tafi. Ƙarfin wannan ba ƙarami ba ne. A Kenya, wasan da Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii suka shirya da manoman ƙauyen Kamiriithu cikin harshen Kikuyu a 1977 ya sa hukuma ta tsare Ngugi wa Thiong'o kusan shekara guda ba shari'a. Ba a tsare mutum saboda abin da ya mutu.

Mafita

Shawarata ta farko ga malaman Hausa da shugabannin ƙungiyoyin wasa ita ce a fara da sauraro kafin rubutu. A tura ɗalibai su zauna da 'yan ci-rani idan sun dawo da damina, su zauna da tsofaffin sojoji da tsofaffin malamai, su kwaso maganarsu yadda suka faɗe ta. Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke shiga ƙauyukan ƙasar Zazzau da kewaye, irin su Bomo, suna gina wasa daga matsalolin da mutanen gari suka faɗa da bakinsu, sannan a tattauna bayan an gama.

Ta biyu, a yi amfani da abin da al'ada ta tanada. Akwai kunya tsakanin uba da ɗa, musamman ɗan fari, amma akwai wasa tsakanin kaka da jika. Abin da ɗa ba zai iya faɗa wa mahaifinsa ba, jika zai faɗa wa kakansa cikin raha, kakan kuma ya rama. Wasan da ya haɗa zuriya uku, kakan da ya biya jangali, uban da ya ci moriyar gwamnati, da jikan da ya san hanyar Kudu, zai nuna cewa kowane zamani da irin Nijeriyar da ya taras, kuma shi uban ma ya taɓa saɓa wa nasa uban, wataƙila a kan shiga makarantar boko ko jefa wa NEPU ƙuri'a.

Ta uku, a buɗe wa mata baki. A wasan da muka kalla, aikin uwa kawai shi ne ta yi kuka ta ba da haƙuri. A zahiri ita ce take karɓar kuɗin da ɗan ya turo, ita take auna hatsi ta san kwana nawa zai kai, ita take kwana ba barci idan waya ba ta shiga. Ƙanwarsa kuma, wadda karatunta ya dogara da abin da ya samo, tana da nata ra'ayin a kan ƙasar da ta yi mata alkawarin ilimi. Rikicin gida da aka cire mata daga cikinsa rabin rikici ne.

Ta huɗu, a yarda a ja labule ba a sasanta ba. Uba da ɗa suna iya cin tuwo a kwano ɗaya kowa yana kan bakansa, kamar yadda ake yi a gidajenmu kullum. Idan kuma za a sasanta, to kowa ya motsa daga inda yake, kada a ɗora wa ƙaramin nauyin duka. Bayan wasa a ba 'yan kallo dama su yi magana, hakimi ko shugaban makaranta ya zauna ya saurara. A nan ne sassan koyar da harsunan Nijeriya da na wasan kwaikwayo, a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi, suke da rawar takawa: su tura ɗalibansu su taya makarantun karkara tsara wasa, su kuma adana rubutun waɗannan wasanni, domin yawancinsu a takardar littafin rubutu suke ƙarewa, a yar bayan biki. Manazarcin da zai so sanin yadda mutanen gabashin Kano suka ɗauki Nijeriya a wannan zamani zai nemi waɗannan takardu.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa saɓanin iyaye da 'ya'ya a kan kishin ƙasa a Gaya da Ajingi yana da tushe a tarihin da kowane ɓangare ya rayu a cikinsa, kuma wasanninmu na dandamali sun gaji ƙirar da take yanke hukunci tun kafin a saurari ɓangarorin. Ta kuma nuna cewa a cikin tashe da kalankuwa da wasan kaka da jika da wasannin Malam Aminu Kano akwai wata hanyar da ba sai an aro ta daga waje ba. Ƙanena ya koma Kudu bayan girbi, mahaifinmu kuma ya raka shi har tasha, ya yi masa addu'a, ba wanda ya canza ra'ayinsa a cikinsu. Na nemi malamin da ya tsara wasan bara na gaya masa abin da tsohon ya ce. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma fitowar ƙarshen ba ta kwanta masa ba, tsoron abin da manyan baƙi za su ce ne ya sa ya rubuta ta. Mun yi alkawarin zama tare kafin Oktoba mai zuwa, kuma mahaifina ya ce idan ana son wanda zai ba da labarin shekarun yaƙi, a zo a same shi.